Butar haɗa madarar jarirai: wata uku ina amfani da ita, ga gaskiyar abin da na gani

Tun ranar da na sa hoton butar nan a sitatus mutane ke ta damuna da tambaya, wai ya take, tana da kyau, in saya ko kar in saya, ni kuma na gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya da hannu guda saboda ɗayan hannun kullum yana riƙe da jaririya, shi ya sa na ce bari in zauna sau ɗaya in rubuta komai kowa ya karanta ya huta nima in huta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba wanda ya biya ni kuɗin talla, kuma in kun duba za ku ga irinta sun cika intanet, duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, suna kawai ake canzawa a jikin kwalin. Butar lantarki ce ta gilashi mai zama a kan gindinta, tana tafasa ruwa sannan ta riƙe shi a zafin da kika zaɓa dare da rana.

Kafin wata ta fara min wa'azi a ƙasa, eh na sani, nonon uwa ya fi, na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wata shida nono zalla. Tiyata aka yi min, ruwan nonon bai zo da yawa ba, yarinya tana ta ramewa, likita da kansa ya ce a haɗa mata da madarar gwangwani. To mu wuce wannan.

Abin da ya sa na sayi butar tsoro ne, ba wani abu ba. Cikin watan Nuwamban 2025 ne, wajen ƙarfe biyu na dare ina zaune ina ba ta fida ina danne-dannen waya don kar barci ya kwashe ni, sai na ci karo da labarin wani kamfanin madarar jarirai na Amurka mai suna ByHeart. Ranar 8 ga Nuwamba suka janye rukuni biyu na madararsu daga kasuwa saboda an samu jarirai 13 a jihohi 10 da cutar botulizim, wata cuta mai shanye jikin jariri, kuma duk sun sha madarar, kwana uku tsakani, ranar 11 ga wata, sai suka ce ba rukuni biyu kaɗai ba, duk wani gwangwani da ƙananan fakitin da suka taɓa fitarwa a daina ba yara. Adadin ya yi ta hawa kullum in na duba, zuwa 10 ga Disamba hukumomin lafiya na Amurka, FDA da CDC, suna maganar jarirai 51 a jihohi 19, har da waɗanda suka kamu tun ƙarshen 2023 da aka koma baya aka gano su. Duk an kwantar da su a asibiti, Alhamdulillahi ba a ce ko ɗaya ya rasu ba. Ni ba wannan madarar nake ba 'yata ba, ko ganinta ban taɓa yi ido da ido ba, amma wallahi daren nan na kalli fidar da ke hannuna na kalli bakin yarinyar yana tsotsa sai cikina ya ɗuri ruwa, saboda abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan fa ba madarar banza ba ce, irin mai tsadar nan ce da ake tallata wa iyaye masu son abu mai tsafta.

Kun san yanda waya take, da kin bincika abu sau ɗaya shikenan ta kama ki. Washegari talla ta ko'ina, butar kaza, injin kaza, na'urar wanke fida. Tallan wannan butar ya ce tana ba da madara "marar ƙwayar cuta" kuma a shirye cikin daƙiƙa kaɗan. Ban yi shawara da kowa ba na danna saya. Baban yarinya da kwalin ya iso cewa ya yi, "Yanzu duk butocin gidan nan ba su ishe ki ba?" na ce masa wannan daban ce, ya yi dariya ya wuce.

Bari in fara da alherinta don kar a ce ban yi mata adalci ba. Tana da sauƙin sha'ani, ki zuba ruwa ki danna, ta tafasa shi ta bar shi yana ɓararraka na ɗan lokaci, sannan wata 'yar fanka da ke gindin ta kunna kanta ta saukar da zafin zuwa inda kika saita, lambar tana fitowa ɓaro-ɓaro a gaba ko a duhu kina gani. Gilashi ce don haka ba ta sa wa ruwa warin roba, bakinta yana da faɗi hannu yana shiga a wanke, kuma tana da 'yar fitila mai laushi da ba ta tada yaro. Da can in yarinya ta farka sai na je na ɗora ruwa, in tsaya jira ya tafasa, in tsaya jira ya huce, ita kuma tana can tana tsala ihu har muryarta ta dushe, makwabta ma sun san lokacin cin abincinta. Yanzu ruwa yana nan a tsaye yana jirana. Wannan kaɗai ya rage min wahalar dare sosai, ba zan ɓoye ba.

Sati biyun farko a kan digiri 45 na bar ta, saboda a haka ta zo daga kamfani kuma maɓallin da aka zana wa hoton fida ke nan, wato ki zuba ki kaɗa ki ba yaro nan take ba jiran hucewa. Ina ta jin daɗi ina ganin na gama da ƙwayar cuta. Sai ranar da Yayata ta kira ni ta bidiyo, ita nas ce ta daɗe a ɗakin jarirai, ina haɗa madara a gabanta ina yi mata burga da sabuwar buta, sai ta ce, "Ke tsaya, nawa na gani a jikin abin nan?" Na ce 45 Yaya. Ta ce, "To me kika kashe da 45? Ruwan kika tafasa, na yarda, garin madarar fa wa ya tafasa miki shi?"

Shiru na yi. Ni duk a tunanina dattin a ruwa yake, garin da ke cikin gwangwani a rufe da ledar azurfa ai tsaf yake. Ashe ba haka ba ne, madarar gari ba a yi mata irin kashe ƙwayoyin cutar da ake yi wa ta ruwa wadda ake sayarwa a shirye cikin kwalba ba, ko wane kamfani ne kuwa, hanyar sarrafa ta ce haka. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Kuronobakta, ita busasshen wuri ba ya damunta, tana iya zama cikin gari wata da watanni, a masana'anta za ta iya shiga, a kicin ɗinki ma za ta iya shiga ta jiƙaƙƙen cokali ko murfin da aka ajiye a wurin wanke-wanke. Ba kasafai take kama yara ba amma in ta kama jariri ɗan ƙasa da wata biyu ko bakwaini ko mai raunin garkuwar jiki, tana shiga jini ko ta zama sanƙarau. Ita ce ta jawo abin da ya faru a Amurka a 2022, lokacin da kamfanin Abbott ya janye Similac da Alimentum da EleCare na gari da aka yi a masana'antarsa ta Sturgis a jihar Michigan cikin watan Fabrairu, bayan rahoton jarirai huɗu da suka kamu biyu suka rasu. Kamfanin ya ce ba a tabbatar daga madararsa cutar ta fito ba, amma an rufe masana'antar wata da watanni, madara ta yi ƙarancin da sai da gwamnatin Biden ta riƙa ɗauko ta da jiragen sama daga Turai. Ƙasa kamar Amurka fa, iyaye suna zagaye kantuna suna tarar da kanta wayam.

Saboda wannan ƙwayar ne Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007 ta ce a haɗa madarar gari da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a zuba garin a cikinsa da zafinsa, a kaɗa, sannan a sanyaya fidar a ƙarƙashin famfo ko cikin kwanon ruwan sanyi, a ɗiga a wuyan hannu a ji kafin a ba yaro. Wato dai zafin ruwan garin ake so ya dafa. Butar tana da 70 ɗin, sai dai sai kin bi ta maɓalli kin nemo shi da kanki, littafin da ya zo da ita ko a layi ɗaya bai faɗi amfanin 70 ba, ya dai rubuta shi a jerin zafin shayi. Wannan shi ne babban laifinta a wurina. An yi abu domin jarirai, an sa hoton fida a kan zafin da ba ya kashe komai, uwar da ba ta da Yaya nas fa?

Da na koma 70 sai na ce bari in gwada gaskiyar lambar, na samo ma'aunin zafi irin na girki na tsoma. A cikin butar lambar daidai take, bambancin bai fi digiri ɗaya ba, na yaba mata a nan. Amma da na tsiyaya ruwan a fida mai sanyi na tsaya neman cokali na ƙirga awo, ko da na sake tsomawa ya sauko 65, wani lokacin ma ƙasa da haka in ruwan kaɗan ne. Don haka yanzu a 75 nake barinta, in fara buɗe gwangwani in shirya komai sannan in zuba ruwa in bi shi da gari nan take. Ku sani fa ruwan zafi yana sa wasu madarar su yi gudaji sai kin kaɗa da kyau, kuma akwai madarar da aka sa wa ƙwayoyin gyaran ciki masu rai ko wadda likita ke rubutawa ta musamman da ba a so a haɗa da ruwa mai zafi haka, wannan ki karanta jikin gwangwaninki ki tambayi likitan yaronki, kar ki ce ni na ce. Sannan batun "a shirye cikin daƙiƙa kaɗan" ya tashi ke nan, dole ki tsaya sanyayawa, ni minti uku zuwa biyar yake ɗaukata a kwanon ruwan sanyi. Har yanzu dai ya fi da.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni saboda botulizim na sayi butar nan, ko ba haka ba? Na tambayi Yaya na ce to yanzu da 70 ɗin na tsira daga wancan na Amurka ko, ta ce, "Ƙanwata ko 100 kika sa ba ki tsira ba." Ƙwayar da ke kawo shi, Clostridium botulinum, in ta ga wuri bai yi mata ba sai ta shige cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta kamar irin shuka, a ƙasa take da ƙura, kuma wannan ɓawon tafasa ta yau da kullum ba ta fasa shi. Masu yin abincin gwangwani sai sun kai digiri 121 a cikin tukunyar matsi kafin su kashe shi, butar da iyakarta 100 ina za ta kai. Babba in ya haɗiye shi yawanci ba abin da zai same shi saboda hanjinsa cike yake da ƙwayoyin da za su hana shi sakat, amma hanjin jariri bai gama ginuwa ba, sai irin ya farka a ciki ya tsiro ya fara fitar da guba, gubar kuma jijiyoyi take kamawa ta hana su ba tsoka umarni. Dalilin da ya sa ake cewa kar a ba yaro zuma sai ya cika shekara ke nan, ko ɗigo. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara gane wannan nau'in na jarirai a 1976, kuma har yau hukumar lafiyar jihar ce ke samar da maganinsa da ake kira BabyBIG wanda aka amince da shi a 2003, su ne ma suka fara lura cewa jariran da ake nema wa maganin da yawansu madara iri ɗaya suke sha, wato ta ByHeart ɗin nan, alhali kamfanin a lokacin kusan kashi 1 cikin 100 kawai yake da shi a kasuwar madarar ƙasar.

To kun ga in irin yana cikin gwangwani tun daga masana'anta, ba buta ba injin ba dabarar kicin da za ta cire shi, abin da ya rage kawai a daina amfani da gwangwanin. Na ji haushi ranar, ba don kuɗin ba, don na yi sati biyu ina barci da kwanciyar hankalin ƙarya.

Abin da ya fi tsorata ni game da ciwon shi ne yanda yake zuwa a hankali ba hayaniya, galibi ba zazzaɓi, kuma yana iya ɗaukar har kwana 30 bayan yaro ya haɗiyi irin kafin a ga alama. Yakan fara da rashin kashi, sai tsotso ya yi rauni, kuka ya zama ƙasa-ƙasa kamar na mage, fatar ido ta riƙa saukowa, fuska ta daina motsi, wuya ya kasa riƙe kai, jiki ya saki laƙwas, in aka yi sake ya kai ga numfashi. Uwa za ta iya cewa yau yarona ya yi hankali ba ya rigima. Sanin wannan sai da ya kai ni asibiti wata ranar Laraba, yarinya ta kwana uku ba kashi, na zauna ina kallon idonta ina cewa kamar na hagu ya sauka, Baban yarinya yana cewa barci take ji, na ce ni dai tashi mu tafi. Likitar ta wanke hannu ta sa safar hannu ta sa ɗan yatsa a bakinta, yarinya ta cafke shi ta ja da ƙarfi har likitar ta yi dariya, ta kamo hannayenta biyu ta ɗago ta zaune kai ya biyo tsaf, ta haska mata ido da 'yar tocila, ta ce, "Maman Bebi wannan lafiyarta ƙalau, amma gara da kika zo, in kin ga ta kasa jan fida ko kanta yana lilo kar ki jira gari ya waye." A mota a hanyar komawa ta yi kashin, har bayan riga.

Ana cikin haka kuma farkon Janairun 2026 sai ga Nestlé sun janye wasu rukunan madararsu irin su SMA da NAN da BEBA a ƙasashe da dama, wannan karon saboda wata guba da ake kira seriyulaid da ƙwayar Bacillus cereus ke fitarwa, wadda aka danganta da wani mai da ake sawa a madarar daga wani kamfanin da ke kawo musu kaya. Tana sa amai, kuma hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta faɗa ƙarara cewa tafasasshen ruwa ba ya lalata ta. Na kalli butata na ce ke dai an sake zuwa inda ba ki da iko. Ranar na juya gwangwaninmu na duba lambar da ke gindinsa na gwada da jerin da aka fitar, ba ya ciki, na sauke ajiyar zuciya.

Na rubuta wa masu sayar da butar, cikin ladabi, na ce kalmar nan ta "marar ƙwayar cuta" da ke tallanku tana yaudarar iyaye, ku gyara, ku kuma rubuta amfanin digiri 70 a littafin. Bayan kwana huɗu aka amsa min da godiya da cewa ruwan suke nufi ba madarar ba, aka haɗa min da rangwame in zan sayi na'urar wanke fida. Jiya na duba, tallan yana nan yanda yake.

Sauran ƙananan abubuwa. Tana yin ƙara tii tii tii sau uku in ta gama tafasa kuma ba yanda za a kashe, sau biyu tana tada min yarinya bayan na sha wahalar kwantar da ita, yanzu da yamma nake cika ta don ta yi kukanta tun kowa yana farke. Farin dattin ruwa yana kama gindinta da wuri, duk sati sai na tafasa ruwan lemon tsami a ciki na ɗauraye sosai, in ba haka ba za ki ga ɓarɓashi yana yawo. Murfin ba ya kamawa gam, in kika karkata ta da yawa zai iya faɗowa, ga ruwa mai zafin 75 ga jariri a kafaɗa, don Allah ki ajiye yaro tukuna kafin ki tsiyaya, ni tururin ya taɓa lasar min yatsa. Igiyar wutar gajera ce. Kuma ruwan da ya kwana ya wuni a ciki zubarwa nake in sa sabo, ban yarda da ruwan jiya ba ko da lambar tana nuna 75. Madarar da aka haɗa kuma dokarta tana nan buta ko ba buta, in ta yi awa biyu a waje a zubar, wadda yaro ya sha ya rage ba a ajiye masa, ta firij kar ta wuce awa 24.

In jaririnki bakwaini ne ko bai kai wata biyu ba, ki tambayi likita ko madarar ruwa ta kwalba wadda ba a haɗawa za ta fi miki a wannan tsakanin, ita an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta tun daga kamfani. In kuma ta gari kike bayarwa kullum kamar ni, butar za ta rage miki tsayuwar dare, ki saya in kina da hali, ranar da ta iso ki cire ta daga 45. In ba hali, butar da kike da ita ta isa, ki tafasa ki bar shi ya ɗan huce kar ya wuce minti 30 ki haɗa, aiki ɗaya suke yi.

Tauraro uku nake ba ta cikin biyar. Ɗaya na cire saboda tallan, ɗaya saboda murfin da ƙarar.

Wani abu da na koya wanda ba ya cikin kwalin, duk gwangwanin da na buɗe sai na juya shi na ɗauki hoton gindinsa inda lambar rukuni da ranar lalacewa suke, saboda in aka yi sanarwar janyewa bayan sati uku gwangwanin ya riga ya tafi bola, kuma ko a lokacin ByHeart abin da aka ce wa iyaye ke nan, su rubuta lambar su ajiye ragowar garin a gefe na wata guda ko za a buƙaci gwada shi. Shekaranjiya Baban yarinya ya ɗauki wayata yana neman hoton 'yarsa zai tura wa Hajiyarsu, ya yi ta ja yana ja, can ya ɗago ya ce, "Wai ke gindin gwangwani kika haifa ne?"